Ungulu: Kamanninta, Mazauninta da Amfaninta ga Manomi da Makiyayi

Ɗan'uwa manomi, yaushe rabonka da ganin ungulu a kwatar garinku? Duk wanda ya haura shekara 40 zai tuna lokacin da ranar kasuwa ba ta cika sai ungulaye sun jeru a kan rumfunan mahauta suna jiran a watsar da kayan ciki. Yau a garuruwa da yawa na arewacin Najeriya da kudancin Nijar, yaro ɗan shekara goma bai san ungulu ba sai a karin magana. Wasu ma cewa suke yi an huta da ƙazanta. To amma mushen da take cinyewa bai daina faɗuwa ba, kuma wanda ya gaji aikinta shi ne kare da ƙuda da ɓera. Wannan bayani zai nuna maka yadda za ka gane ta, inda take zama, yadda take hayayyafa, abin da ke kashe ta, da abin da ke hannunka kai da ƙungiyarku.

Wace ce ungulu

Ungulun da muka saba gani a cikin gari ita ce masana ke kira Necrosyrtes monachus. Tana cikin ƙananan dangin ungulu. Tsawonta daga baki zuwa wutsiya santimita 62 zuwa 72 ne, nauyinta kilo 1.5 zuwa 2.6, wato kamar ƙosasshen zakara. In ta buɗe fikafikanta kuwa, faɗinsu ya wuce mita ɗaya da rabi. Jikinta ruwan ƙasa ne mai duhu. Fuskarta da maƙogwaronta ba gashi, fatar wurin ja-ja ce mai haske, kuma in ta fusata ko tana kokawar abinci sai ka ga fuskar ta ƙara ja. A ƙeyarta akwai lallausan gashi mai ruwan toka kamar ta yafa mayafi. 'Ya'yan da ba su gama girma ba sun fi duhu, gashin ƙeyarsu ma baƙi-baƙi ne.

Bakinta siriri ne dogo. Da shi take tsintar naman da ya maƙale tsakanin ƙasusuwa, amma ba ya iya huda fatar sa ko ta jaki. Wannan aikin manyan danginta ne, irin su maiki, waɗanda suka ninka ta nauyi kuma suka fi zama a daji nesa da mutane. Maiki gwanin tashi sama ne: a 1973 wani ya yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a tsayin mita 11,300. Akwai kuma wadda ake kira ungulun kwakwa, mai fari da baƙi, da ke zama a bakin koguna inda itacen kwakwar manja yake, abincinta ma yawanci 'ya'yan kwakwar ne.

Kada ka haɗa ta da shirwa ko shaho

Nan ne ake yawan zaluntar ungulu. Uwargida ta rasa 'yan tsaki, aka ɗaga kai aka ga tsuntsu na jewa, sai a ce ai ungulu ce. Ƙafar ungulu ta tafiya a ƙasa ce, faratanta ba su da kaifi kuma ba su da ƙarfin damƙa, don haka ba ta iya surar ɗan tsako ta tashi da shi. Mai surar ita ce shirwa, sai kuma shaho.

Ga yadda za ka bambanta su a sama. Shirwa siririya ce, wutsiyarta doguwa mai rabuwa biyu a ƙarshe, tana juya ta dama da hagu in tana shawagi. Shaho ƙarami ne mai sauri, yakan faɗo kamar jifa. Ita kuwa ungulu fikafikanta faffaɗa ne kamar allo, wutsiyarta gajera, tana jewa a hankali ba ta cika kaɗa fiffike ba. Maganin shirwa shi ne a kife 'yan tsaki da kwando ko a tsare su a akurki har su yi makonni huɗu zuwa shida, a kuma bar musu inuwa ko rumfar da za su ɓuya in sun fara fita. Guba ba ta cikin maganin.

Inda take zama

Ana samun wannan ungulu daga Senegal a yamma har Habasha a gabas, ta gangara zuwa Afirka ta Kudu. Ba ta son tsakiyar hamada, ba ta kuma son kurmi mai duhu. Wurinta shi ne fili mai itatuwa jefi-jefi, irin ƙasarmu ta noma da kiwo. A kudancin Afirka tsuntsuwar daji ce mai gudun mutane, amma a Afirka ta Yamma ta zaɓi zama da mu: kwata, kasuwar dabbobi, juji, bakin masunta, mashekarin Fulani. Har yanzu a Gambiya da Gini Bisau za ka gan su da yawa a cikin gari.

Abu uku ne ke riƙe ungulu a wuri. Na farko abinci mai zuwa a kai a kai. Na biyu ruwan sha da wanka, don duk da sunan ƙazanta da aka laƙaba mata, tana wanka bayan ta ci, ta shanya fikafikai a rana. Na uku dogayen itatuwa na kwana da na sheƙa: kuka, rimi, maɗaci, giginya, gawo, ɗorawa da tsamiya. Masu iya magana da suka ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya sun lura da kyau. Binciken da aka yi a yankin Garango na Burkina Faso ya samu yawancin sheƙunanta a kan ɗorawa da gawo da tsamiya, wato itatuwan da ke tsaye a cikin gonakinmu. Ka ga ke nan mazaunin ungulu a hannun manomi yake. Wanda ya sare tsohuwar ɗorawa ya yi gawayi, ya rasa kalwa, ya kuma rushe gidan da aka yi shekaru ana kwanci a ciki.

Manyan dangin ungulu sun janye zuwa wuraren da ake tsaro, kamar gandun dajin Yankari a jihar Bauchi, Gashaka Gumti a Taraba, da Gadabeji da duwatsun Termit a Nijar.

Abincinta da yadda take samunsa

Mushe ne babban abincinta, sai sharar mahauta: hanji, jini, guntun fata, mahaifar dabba. Tana cin mataccen kifi, tana tsintar gara da shinge da fara a lokacinsu, har bayan gida tana ci inda ake yinsa a fili. Ba ta kashe dabba mai lafiya.

Da ido take neman abinci, ba da hanci ba. Da hantsi, in rana ta gasa ƙasa iska mai zafi ta fara tashi, sai ta hau iskar ta yi sama ba tare da wahala ba. Daga can tana kallon ƙasa, tana kuma kallon 'yan'uwanta. Da ɗaya ta sauka, na nesa sun gani, sai su biyo. Shi ya sa cikin ɗan lokaci za ka ga sun taru a wurin da ɗazu babu ko ɗaya. Makiyayan da sun san amfanin wannan: in saniya ta ɓata a daji, sai a duba inda ungulu ke jewa, don ba ta jewar banza. Wannan taruwar kuma ita ce lagonta, domin mushe ɗaya mai guba ya isa ya kashe duk ungulayen yanki guda a yini ɗaya.

Hayayyafa: ƙwai ɗaya a shekara

Ka riƙe wannan, don shi ne ginshiƙin maganar. Kazar gida takan yi ƙwai goma ko fiye, ta kwanta kwana 21, ta kuma maimaita sau biyu ko uku a shekara. Ungulu ƙwai ɗaya tal take yi a shekara. Mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci na kusan kwana 50. In an ƙyanƙyashe, ɗan zai yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya tashi, bayan ya tashi ma iyayen za su ci gaba da ciyar da shi na wasu watanni. Sai ya yi shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Ba kowane ƙwai ne ke kai labari ba.

A ƙasashenmu lokacin kwancinta daga kaka ne zuwa tsakiyar rani. Sheƙar ta ƙirare ce, a can sama cikin rassa, kuma ita ɗin dai suke gyarawa su koma kowace shekara. Sai dai wannan lokaci ya zo daidai da lokacin da ake sassabe rassan gawo da maɗaci don ba dabbobi ganye, da lokacin saran itacen girki. In aka dami uwar ta bar ƙwai a rana, ko hankaka ya samu dama, shekarar ta tafi a banza. Saboda haka in aka kashe ungulu ashirin a gari, ba a shekara biyu ko uku za a mayar da su ba.

Aikin da take yi maka kyauta

Ruwan cikin ungulu yana da tsami ƙwarai, har yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Ita ta ci ta zauna lafiya, cutar kuma ta tsaya a nan. Sannan ga sauri: kafin ƙuda ya yi tsutsa, kafin wari ya tashi, an bar ƙashi da fata.

A ƙasar Kenya an gwada ajiye mushe inda ungulaye ke sauka da inda ba sa sauka. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna cewa in babu ungulu, mushe yakan ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, dabbobi masu cin mushe irin su kura da dila da ke zuwa wurin su ma sun ninka sau uku. A ƙauyukanmu, kare ne ke cin wannan gajiya. Karnuka su taru a kan mushe, su ciji juna, su ja ƙashi zuwa bakin rijiya ko cikin garke, su dawo gida wurin yara. Ta haka haukan kare da tsutsar ciki ke samun hanya.

Darasin Indiya

Indiya ta taɓa mallakar miliyoyin ungulaye. Daga shekarun 1990 suka fara mutuwa ba a san dalili ba, har wani nau'in ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Daga baya aka gano cewa allurar diclofenac ce, wadda ake yi wa shanu don zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. In saniya ta mutu da maganin a jikinta ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Gwamnatin Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Mushe ya taru, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Wannan ya shafe mu, domin diclofenac na nan a shagunan magani, kuma gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna yana kashe babbar ungulun Afirka mai farin baya. Akwai madadinsa mai suna meloxicam, wanda aka tabbatar ba ya cutar da su. In malamin dabbobi zai yi wa sanka allurar rage zafi, ka tambaye shi wanne ne, ka nemi meloxicam.

Abin da ke kashe ta a nan

Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. Ita ma ta cikin gari ta bi sahu: a 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa a duniya, ta sa ta a rukunin waɗanda suka fi kusa da ɓacewa. Wani nazari na 2016 kan ungulayen da aka samu a mace a Afirka ya nuna kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su, kashi 29 kuma cinikin sassan jikinsu.

Guba. Yawanci ba ungulu ake nufi ba. Kare ko dila ko kura ta dami mutum, sai ya barbaɗa maganin ƙwari a kan mushen akuya ya ajiye a bayan gari. Carbofuran, wanda aka fi sani da Furadan, shi ne ya fi ɓarna, har Tarayyar Turai ta hana amfani da shi. Fiya-fiya da shinkafar ɓera su ma suna kashewa. Kafin karen da aka yi wa tarko ya zo da dare, ungulu ta riga shi da rana. A Botswana a 2019, gawar giwaye uku masu guba ta kashe ungulaye 537.

Cinikin kai da ƙafa. Ana sayen kan ungulu da ƙwanta da gashinta don tsibbu da neman sa'a, kuma kasuwannin Najeriya da Benin ne suka fi jan wannan kaya, har daga ƙasashen maƙwabta. A farkon 2020 an tsinci gawar ungulaye fiye da 2,000 a yankunan Bafata da Gabu na Gini Bisau, da yawa an yanke musu kai. Wanda ke sayen irin wannan ya sani, akasarinsu da guba aka kama su, kuma gubar na nan a jikin abin da zai sha ko ya turara. An kuma sha samun rahoton masu gasa namanta su sayar da sunan kaza, ungulu da kan zabo a zahiri.

Sauran dalilai su ne sare manyan itatuwa, wayoyin lantarki da take karo da su, da feshin jan-baki: in aka fesa wa tsuntsayen magani suka zube, duk mai cin mushen da ya tsince su ya ɗauki guba.

Mushen da za ka bari da wanda za ka binne

Ba kowane mushe ake bar wa ungulu ba. Ga ƙa'ida mai sauƙi.

Wanda za ka iya ja zuwa fili nesa da gidaje da rijiya da hanyar ruwa: dabbar da ta mutu ta hanyar haɗari, wahalar haihuwa, tsufa ko yunwar rani, in dai ba a yi mata allura ba a kwanakin ƙarshe. Ka farke fatar cikin don ƙaramar ungulu ta samu shiga.

Wanda dole ka binne ko ka ƙone: dabbar da ta ci guba ko ta sha maganin feshi; wadda aka yi wa allurar rage zafi cikin mako guda kafin ta mutu; ɓeraye da tsuntsayen da magani ya kashe; kajin da annoba ta kwashe.

Wanda ba za ka taɓa ba sam: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, cikinta ya kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci ko baki ko dubura. Wannan alamar ciwon saifa ce, kuma tana kama mutum. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a jihar Neja. Kada a feɗe, kada a ci, kada a sayar da fatar. In aka buɗe gawar, ƙwayar cutar takan zauna a ƙasa shekaru masu yawa. Ka rufe ta da ƙaya ko leda mai kauri don kare da ungulu kada su huda, ka kira malamin dabbobi nan take. Ramin binnewa ya kai zurfin mita 2, nesa da rijiya da fadama, a danne shi da duwatsu da ƙaya.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Mutum ɗaya ba zai iya tsare ungulu ba, don tana yawo nesa, amma ƙungiyar manoma ko ta makiyaya tana iyawa.

1. Ku sa a dokar ƙungiya cewa ba a sa guba a mushe. Wanda kare ko dila ya dama ya kawo ƙara, a taimaka masa da shingen ƙaya mai ƙarfi, a kai maganar karnukan da ba su da masu su gaban mai unguwa da ofishin dabbobi.
2. Ku ƙirga itatuwan da ke da sheƙa a gonakinku, ku sanar da dagaci. Daga kaka zuwa ƙarshen rani kada a hau su, kada a sassabe su, kada a kunna wuta a gindinsu.
3. In kuna raba irin itace, ku haɗa da ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo. Ga kalwa, ga miya, ga taki, ga gidan tsuntsu.
4. Ku zauna da sarkin fawa a ware wuri a bayan kwata inda za a riƙa zuba sharar yanka mai tsabta, ba a haɗa ta da leda ko gwangwanin magani ba. A kuma sa ido kan baƙin da ke zuwa kwata da tarko ko suna tambayar ƙwan ungulu.
5. Maganin ƙwari ya zauna a kulle, a rubuta wanda ya karɓa da abin da zai yi da shi.
6. A yi wa karnukan gari rigakafin hauka duk shekara, shanu da awaki kuma na saifa inda aka san tana ɓulla.

In kuka tarar da ungulaye da yawa a mace wuri guda, ku ɗauka guba ce. Kada a taɓa da hannu tsirara, a kori yara da karnuka da kaji, a sanar da malamin dabbobi ko ma'aikatan gandun daji, sannan a ƙone ko a binne mushen da gawarwakin gaba ɗaya.

Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar wayar da kai kan ungulu a duniya. Ƙungiyarku na iya amfani da ranar ta fita da hantsi zuwa kwata ko kasuwar dabbobi, a ƙirga ungulayen da aka gani a rubuta a littafi. In kuka yi haka shekara uku a jere, da kanku za ku san ko suna ƙaruwa ko suna raguwa a yankinku. In har garinku na cikin waɗanda ungulu ke sauka har yanzu, to ku riƙe ta da kyau, don maƙwabtanku da yawa sun riga sun rasa tasu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana dabbobinmu.